Na Hana Ladi Kukan Mahaifiyarta

Salamar Ubangijinmu Yesu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Sunana Ishaku, ma'aikacin jirgin ƙasa a nan Ƙaura. Ba daga ciwon jiki Allah ya cece ni ba, daga taurin zuciya ne.

Matata Rahila ta rasu da damina, shekarar da aka fara Shari'a. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Lokacin 'yan'uwa da yawa sun koma garuruwansu, mu da muka rage a ikilisiya ba mu da yawa. Ni dattijon ikilisiya ne, sai na ce wa kaina idan na karye kowa zai karye. Ban zubar da hawaye ko ɗaya ba, har ina alfahari da hakan.

Muna da 'ya ɗaya, Ladi, shekarunta goma sha biyar. Ranar da muka dawo daga maƙabarta ta faɗi a tsakar gida tana kuka. Na ce mata, "Tashi. Mai bi ba ya kuka kamar marar bege."

Ta tashi. Daga ranar ta daina kuka a gabana, ta kuma daina magana da ni. Sai dai ta ajiye tuwo, ta ce "Baba, ga abinci," ta shige ɗaki. Wata biyar muna haka.

Wata rana na taso aiki da wuri, sai na ji muryarta ta bayan katanga, a gidan maƙwabciyarmu Inna Hassi, tsohuwa Musulma wadda ta binne 'ya'ya uku. Ladi na kuka, Inna tana sussukar gero, ba ta hana ta ba. Can na ji Inna ta ce, "Faɗa mini, wace miya uwakki ta fi iyawa?" Ladi ta ce ta yakuwa. Ta shiga ba da labarin mahaifiyarta, tana kuka tana dariya.

Da la'asar Inna ta tare ni a ƙofar gida. Ta ce, "Malam Ishaku, ɗiyar ga ba wa'azi taka so ba. Tunda uwatta ta rasu, ka taɓa kiran sunanta gabanta?"

Na wuce coci, babu kowa, na durƙusa. Na ce, "Ya Ubangiji, kai ma ka yi hawaye a kabarin abokinka. Ni wane ne?" Sai na ji bakina ya ce Rahila. Kukan wata biyar ya zo gaba ɗaya.

Na koma gida na tarar da Ladi tana wanke kwanuka. Na zauna a kan turmi kusa da ita, na ce, "Ladi, ina kewar mamanki. Ki gafarta mini." Ta dube ni ta ce, "Baba, na ɗauka ka manta da ita."

Har yau ciwon bai tafi ba, amma yanzu mu biyu muke ɗauke da shi.

'Yan'uwa, in kun je gidan makoki, kada ku yi gaggawar buɗe baki. Ku zauna. Ku bar mutum ya kira sunan wanda ya rasa. Hawaye ba rashin bangaskiya ba ne.

Na gode wa Allah da ya mayar mini da 'yata tun ina da rai. Ku dogara gare shi, yana jin mai kuka. Amin.