Ruwan Zafi a Kan Ƙanƙara

ELADIO: Halo? Nélida? Autar Baba! Barka da bikin 'yancin kai.

NÉLIDA: Barka kadai, Yaya. Ya gida? Ya gwiwar?

ELADIO: Tana nan tana gana mini azaba. Ba don ita ba ai da tare muka hau dutsen. Kin wuni lafiya?

NÉLIDA: Lafiya lau. Su Graciela fa? An gama gasa empanada?

ELADIO: Har an cinye rabi. Rago yana kan wuta, ke kaɗai muke jira. Kin kafa sabuwar tutar?

NÉLIDA: Na kafa, daidai inda Baba yake kafawa duk shekara. Tsohuwar tana jakata.

ELADIO: Madalla, Allah ya jiƙan tsoho. Kin iso gada ke nan?

NÉLIDA: Yaya... ina hango hayaƙinku.

ELADIO: Me? Iska ta cika layin. Kai, ku rage kiɗan nan!

NÉLIDA: Na ce ina hango hayaƙinku daga sama. Ina Wuyan Akuya, siririyar hanyar nan ta gefen dutse.

ELADIO: Wuyan Akuya? Yanzu? Ai inuwa ta rufe wurin tuntuni!

NÉLIDA: Na daɗe a ƙololuwa. Na haɗa shayin mate, na zuba wa Baba kofin farko, na zauna ina ta ba shi labari. Da safe dusar ƙanƙarar taushi gare ta, ƙafa nutsewa take. Yanzu duk ta daskare, kamar gilashi.

ELADIO: To ɗaura wa takalminki ƙusoshin taka ƙanƙara mana.

NÉLIDA: Suna mota.

ELADIO: Suna ina?

NÉLIDA: Mota! A ƙasa rana ta buɗe, itatuwa sun yi fure, na ce sanyi ya wuce. Kada ka yi mini faɗa yanzu.

ELADIO: Ban yi ba, ban yi ba. Koma baya a hankali, ki bi sawunki.

NÉLIDA: Ba hali. Yaya, na yi wauta. Sauran ruwan zafin fulas ɗin na zuba a kan hanya, gaba da baya, wai in narkar da wurin taku.

ELADIO: Wayyo Allah, Nélida.

NÉLIDA: Ya narke, sai ya sake kamawa, ya fi da santsi. Fulas ɗin ma ya kuɓuce mini. Har yanzu ban ji inda ya tsaya ba.

ELADIO: Kada ki duba ƙasa. Graciela! Kira masu ceto, ki ce Wuyan Akuya! Yi sauri! Auta, kina jina? Tsaya inda kike, suna zuwa.

NÉLIDA: Kafin su hau duhu ya yi. Inda nake bai fi tafin ƙafa ba, kuma yatsuna sun fara mutuwa. Tsoro nake ji, Yaya.

ELADIO: Ni ma. Saurara. Kina ganin falalen da Baba yake hutawa?

NÉLIDA: Ga shi can, kusa. Ba ƙanƙara a kansa.

ELADIO: Sandar tsohuwar tutar tana hannunki?

NÉLIDA: Ita nake dogarawa.

ELADIO: Bakinta ƙarfe ne. Sara gurbi, ki sa ƙafa, ki sake sara. In kin isa, ki lulluɓa da tutar ki zauna. Ina nan, zan riƙa yi miki magana har ki...

NÉLIDA: Sara sai da hannu biyu.

ELADIO: To sa wayar a aljihu, ki bar ta a kunne in riƙa jin motsinki.

NÉLIDA: Sanyi ya shanye cajin. In na bar ta a kunne, ba abin da zan haska wa masu ceto.

ELADIO: Ni kuma ta yaya zan san kin isa?

NÉLIDA: Fita tsakar gida ka dubi dutsen. In ka ga jan tutar yana kaɗawa, ni ce.

ELADIO: Idona ba ya kaiwa can, kin sani. Nélida, dakata, kada ki ka...

NÉLIDA: Ka ajiye mini haƙarƙari, Yaya.

ELADIO: Auta? Halo? Auta!