Shirun Donato Scarcella Ya Ƙare Yau

Mai girma Magajin Garin Torrecupa. Fada Don Liborio, wanda ya jagoranci addu'armu da safen nan. Shugaban 'yan sandan garinmu. Shugabannin kulob ɗinmu da tsofaffin 'yan wasa. Donna Addolorata, matar marigayi. 'Yarsa Graziella, wadda ta zama 'yata tun ran da ta auri ɗana Fedele. Dangi, maƙwabta, da ku da kuke tsaye a bakin ƙofa saboda kujeru sun ƙare: ni, Eustachio Pellecchia, mai gasa burodi, ina gaishe ku baki ɗaya. Akwai mutum ɗaya a sahun gaba da ban ambata ba. Ba mantuwa na yi ba. Zan zo kansa.

Yau kwana talatin da muka binne Donato Scarcella. Wanda ya ga ina murmushi a coci ɗazu ya yi mini haƙuri. Kwana tara da suka wuce Graziella ta haifa mana ɗa namiji, jikana na fari, jikan Donato na fari, kilo huɗu cif, da murya kamar ƙararrawar coci. Tun ranar bakina ya ƙi rufuwa. Saboda yaron nan ne kuma abin da na riƙe shekara ashirin da biyu ba zai ƙara kwana a cikina ba.

Donato ya kasance mai tsaron ragarmu shekara goma sha ɗaya, kyaftin shekara shida. Ni a bayan raga nake tsayawa, ina ba shi umarni. Wata Lahadi ya gaji da ni, ana tsakiyar wasa ya juyo ya ce, "Tachio, je ka duba burodinka, yana ƙonewa. Na taɓa koya maka kwaɓa fulawa?" Duk wanda ke wajen ya kwashe da dariya, ni kuwa na yi wata guda ana kirana koci.

Ya kasance shi ke tuƙa motar asibiti ta sa-kai, ko yana cikin cin taliya aka kira zai ajiye cokali. Shekarar da ruwa ya ci unguwar ƙasa, a bayansa ya goyo tsofaffi bakwai zuwa tudu. Ya kasance mai riƙe sandar gaba ta dama idan aka ɗauko mutum-mutumin waliyyin garinmu a kafaɗa don zagaya gari, kun kuwa san ba kowa ake ba wannan sandar ba.

To, ga abin da ba ku sani ba.

Ran Juma'a, saura kwana biyu wasan ƙarshe na kakar wasannin nan da kowa ke tunawa, Attilio Marangella, daraktan kulob a lokacin, ya shiga gidan Donato da faranti na kayan zaƙi. Shi ne ya riƙe Graziella a gaban ruwan baftisma. Ba sai na gaya muku abin da wannan ke nufi a nan ba: wanda ya riƙe maka ɗa ya zama komparenka, ba ka kai shi ƙara, ba ka ba da shaida a kansa, har kabari.

Ya ce, "Kompare, ran Lahadi ka bar guda ta wuce. Guda ɗaya tal. Akwai manya a bayan abin nan, kowa zai ji daɗi."

Donato ya ce, "Kompare, shanye kofinka ka tashi. Ba ka faɗa ba, ban ji ba."

Donna Addolorata tana kicin, ta ji komai. Kayan zaƙin nan kaji ta watsa wa.

Da ya rasa gola, sai Attilio ya sayi 'yan baya biyu. Mun ga wasan da idonmu. Donato ya tare fenareti, ya tare wata da fuska har hancinsa ya yi jini. Saura minti biyu a tashi, 'yan bayan nan suka tsaya kamar turakun lantarki, aka zura mana ɗaya.

Bayan wata uku aka kira Donato da Attilio gaban kotun wasanni a babban birni, kan zargin sayar da wasa. Mutum arba'in aka yi wa shari'a cikin kwana biyu, kowane lauya minti goma. Sau uku alƙalai suka tambayi Donato me ya kai Marangella gidansa ran Juma'a, sau uku ya ce, "Ya zo ganin 'yar baftismarsa." Shi kuwa Attilio ya miƙe, ya gyara kwat, ya ce Donato ne ya kira shi ya kawo masa cinikin, shi ya ƙi, tsoro ne kawai ya hana shi kai rahoto. Aka dakatar da Attilio wata shida, a ɗaukaka ƙara aka rage shi zuwa wata biyu. Manyan kulob-kulob da sunansu ya fito a takardun aka ja musu kunne. Mu aka zabtare mana maki muka faɗa rukunin ƙasa. Donato aka kore shi daga ƙwallo har iyakar rayuwarsa.

Mu kuma me muka yi? Mu muka rubuta masa zagi da fenti a bangon gida. Mu muka karɓe sandar waliyyi daga hannunsa. Mu ne idan ya shigo shagon kofi muke yin tsit. Ni da nake tsaye a nan na yi mako biyu ban gaishe shi ba. Da kunya ta ishe ni na je, na same shi yana yanka tumatir. Sai da ya sa na rantse da kabarin mahaifiyata ba zan faɗa wa kowa ba kafin ya gaya mini gaskiyar abin da ya faru.

Na ce, "Haba Dona, ka fito ka faɗa mana!"

Ya ce, "A kan kompare?"

Na ce, "Komparen da ya yanka ka?"

Ya ce, "Shi ya karya nasa alkawarin, Tachio. Nawa yana nan."

Na ce, "Wannan ba mutunci ba ne, wauta ce."

Ya ce, "To, wautata ce. Miƙo mini gishirin can."

Lokacin ko jarida ba na iya karantawa. Na shiga makarantar yamma ta manya ina da furfura, don in karanta hukuncin nan da idona. Shekara uku na yi kafin na iya. Na bi shi shafi-shafi, na sami Donato a shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Layi huɗu. Da layi huɗu aka kashe mutum, ya yi shekara ashirin da biyu yana yawo kafin a binne shi.

Ya kasance bai ƙara taka filin wasa ba. A matatsar man zaitun ya ƙare aikinsa, ran Lahadi yakan zauna a ƙofarta ya saurari ihun 'yan kallo daga nesa, ya ce, "Wannan tamu ce," ko ya ce, "Kash, golan nan ya fito da wuri." Bai taɓa kuskure ba.

A asibiti, saura kwana uku ya cika, na ce, "Dona, rantsuwar nan fa?"

Ya ce, "Nawa alkawarin da ni za a binne shi. Kai ba ka riƙe wa kowa ɗa ba. In na tafi, bakinka naka ne. Amma don Allah kada ka yi ashar a gaban Fada."

Don Liborio, kai shaida ne, ban yi ba.

Bisa al'ada, ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ci. Na daɗe ina jiran ƙaramin Eustachio. Amma da muka je ofishin rajista ni da Fedele, na ce a rubuta Donato. Matar da ke rubutun ta ɗago kai ta ce, "Ka tabbata? A garin nan?" Wannan tambayar ce ta ƙona ni. Jikana ba zai shiga makaranta ana nuna shi ana cewa sunan wanda ya sayar da mu ya ci ba.

Yanzu na zo kanka, Attilio Marangella, shugaban girmamawa na kulob. Furanninka sun fi na kowa girma a jana'iza. Ran Talata ka aiko ɗanka ya ce gidanku a shirye yake ya riƙe jaririn nan ran baftisma, don zumunci ya ɗore. Na ce masa amsa tana zuwa. Ga ta: gara in tare baƙo a tashar mota in miƙa masa jikana. Abin da ke tsakanin gidajen nan biyu ya ƙare yau, a gaban Fada, a gaban gari. Kada ka dubi ƙasa. Ka dubi Donna Addolorata.

Kada kuma ka ce maganar tsohon mai burodi ce. Gaspare Tundo, ɗaya daga cikin 'yan bayan nan biyu, ya taso daga Jamus da ya ji rasuwar. Ya zauna gaban lauya ya rubuta wanda ya same shi, da inda aka same shi, da abin da aka ce masa, ya sa hannu. Yana kujerar ƙarshe, shi ya roƙi in ambaci sunansa. Ran Litinin Graziella za ta kai takardar nan kotun wasanni a nemi a sake buɗe shari'a. Lauya ya ce da wuya. Na sani. Amma ko waɗancan alƙalan sun toshe kunne, ku kun ji, kuma a cikinku Attilio zai ci gaba da shan kofi kowace safiya.

Donna Addolorata, ki yafe mana. Kin bi ta gaban bangon nan shekara da shekaru, ba ki taɓa sunkuyar da kai ba. Graziella, 'yata, ki share hawaye, babanki bai sayar da kowa ba. Ran da yaron nan ya yi wayo, ki gaya masa haka da ƙarfi, a tsakar kasuwa.

Na gode wa Magajin Gari da ya ba mu zauren nan, na gode wa matan da suka yi girki, na gode muku da kuka saurare ni.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Donato, ka ba shi hutun da muka hana shi. Ka raya mana jaririn nan cikin lafiya. Shi kuwa Attilio Marangella, ban roƙa masa ciwo ba, ban roƙa masa mutuwa ba. Ka ba shi tsawon rai, ya Ubangiji. Ka bar masa idonsa da kunnensa da hankalinsa garau, kada ka ɗauke shi, sai ya ga ranar da garin nan zai tsaya cik don Donato Scarcella, shi kuma ya rasa wanda zai amsa masa gaisuwa.

Amin.