Sunaye Talatin da Ɗaya Cikin Wayar da Aka Sace

Shugabar wannan taro, kuma shugabar kwamitin amintattu na gidan rediyonmu na Muryar Kwari, Mayi Felesiya Chabvuta. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni. Shugabannin coci da limaman masallatai. Lauya Mwayi Kapalamula, wadda ta taso tun daga birnin Blantyre don ta wayar mana da kai a kan doka. Wakilan 'yan takara biyu, da na ga kowa ya zauna a nasa gefen kamar ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba. Manoma, masunta, masu keken haya, matan kasuwar Chikonje, da duk mai riƙe da katin ƙungiyar wannan tasha: barkanku da rana, sannunku da zama cikin wannan zafi.

Ga wanda muryata kawai ya sani, ni ne Efraim Kachingwe, mai karanta muku labarai da sanarwa da ƙarfe shida na yamma, yau shekara goma sha tara. Na gode wa shugaba da ta ba ni dama, na gode muku da kuka baro gonakinku kuka zo.

Ga abin da ya tara mu. Ranar Talata za a zaɓi ɗan majalisa. Larabar da ta wuce, a wurin jana'iza, mutane na kuka, wani ya zare wayar ɗan takara Bambo Wyson Chiphwanya daga aljihunsa. Washegari aka kawo mana kwafin saƙonnin da ke ciki, shafi goma sha huɗu. Saƙonnin na nuna ya yi wa wani kamfanin rake alkawarin fadamarmu ta bakin kogi. A cikinsu kuma akwai sunayen mutum talatin da ɗaya, 'yan ƙauyukanmu, da aka ce sun dangwala yatsa a ɓoye sun yarda. Ana so gobe da ƙarfe shida in karanta shafukan nan duka. Yau za ku ɗaga hannu ku yanke. Ni na tashi ne in roƙe ku ku ce a'a.

Na farko, kada wani ya tashi bayana ya ce tsoho ya tsorata. Ni ba a littafi na koyi darajar faɗin albarkacin baki ba, a bayan kanta na koya. Zamanin jam'iyya ɗaya, ina ƙaramin malamin firamare, na faɗa a layin sayen masara cewa rumbun gwamnati fanko ne. Kwana arba'in na yi a kulle, kuma haƙoran gaban nan biyu da kuke gani na roba ne. Ranar da aka sake ni, ɗan sandan ya ce, "Malam, yanzu fa, rumbun ya cika?" Na ce, "Ya cika taf, ranka ya daɗe, har yana zuba." Saboda haka na san abin da ake nufi da a ɗinke wa mutum baki, kuma ban yarda a ɗinke wa tashar nan nata ba. Ina tare da mai cewa jama'a su san abin da ake ƙullawa a kan ƙasarsu. Ni ma ina da lambu a fadamar nan, a can aka binne mahaifina.

Na biyu, maganar doka. Kun ji lauya ɗazu, kuma ta yi adalci. Ta ce wanda ya saci waya yana da laifi. Ta ce tashar da ba ita ta aike shi ba, in abin ya shafi jama'a, mai yiwuwa kotu ba za ta kama ta ba. Sau uku ta ce "mai yiwuwa", ina sauraro. Na yarda. A ce ma babu alƙalin da zai taɓa mu. To shi ke nan? Doka ta faɗa mana abin da zai hana a ɗaure mu, ba ta faɗa mana abin da zai hana a ƙona gidan maƙwabcinmu ba.

Sannan ku tambayi kanku wa ya kawo takardun. Laiton Phwitiko ne, daraktan yaƙin neman zaɓen ɗaya ɓangaren, ga shi can yana kallon silin. Na ce masa, "Laiton, a ina ka samo wannan?" Ya ce, "Kawu, tsintuwa na yi." Na ce, "Tsintuwa a aljihun mutum?" Ya yi dariya ya ce, "Kai dai Kawu ka cika tambaya sai ka ce alƙali. Gaskiya ce ko ba gaskiya ba?" Na ce, "To kana da babbar mota da lasifika huɗu, wata biyu kun hana awaki ma hutawa da kiɗa. Me ya hana ka karanta da bakinka a tsakiyar kasuwa?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai in ni na karanta, siyasa ce. In kai ka karanta, labari ne."

Kun ji da kunnenku. Ba 'yancinmu ne ya dame shi ba, bakinmu yake son aro. Shi ya ɗebo da zafi, yana so mu mu kai baki. Ranar Laraba, ko ɗan takararsa ya ci ko ya faɗi, Laiton zai hau mota ya koma birni. Mu ne za mu zauna da abin da ya biyo baya.

Na uku, kuma nan ne kalmomi ke mini nauyi. Mun taɓa yin wannan abu. Matasa ba su sani ba, manya kuma sun yi kamar sun manta.

Kun san al'adarmu a tashar nan: ba a tsallake suna. In aka kawo sanarwar rasuwa, sai an karanta ta daga sama har ƙasa, kowane ɗa, kowane kawu, kowane suruki, da ƙauyensa. Shekarata ta farko na tsallake sunan wani a sanarwar gwaggonsa, mutumin ya tuƙo keke tun daga ƙetaren kogi, ya tsaya a ƙofa yana haki, ya ce, "Kai ne Kachingwe? Ni shege ne a dangin? Ko kai ta goya?" Tun daga ranar na rantse ba zan ƙara ba. Abin ya zama mini alfahari. Duk kwarin nan an san in takarda ta shiga hannun Kachingwe, babu wanda za a bari a baya.

Shekara biyar da suka wuce, ana saura mako ɗaya zaɓe, aka kawo mana shafi guda da aka yago daga rajistar wani asibiti, ta masu karɓar maganin ƙanjamau. Sunan wani ɗan takara na wancan lokacin yana layi na tara. Hujjar da aka kawo a ranar ita ce ta yau, ko wasali ba a canza ba: gaskiya ce, jama'a na da haƙƙin sani, ba mu muka sata ba, kuma in ba a karanta duka ba za a ce jabu ce. Layi ashirin da uku ne a shafin. Na karanta su daga sama har ƙasa, suna da ƙauye, suna da ƙauye, da muryar nan da nake karanta sanarwar rasuwa.

A layi na goma sha huɗu akwai Mayi Esnat Dzonzi. 'Ya'yanta sun ba ni izinin kiran sunanta yau. Ita ce mai dama wa yara kunu a makarantar firamare, shekara takwas. Ranar Litinin yara suka shiga layi kamar kullum, amma kowa ya kife kofinsa, don iyayensu sun gargaɗe su tun daga gida. Ta tsaya da ludayi a hannu har kunun ya huce. Kafin Juma'a an sallame ta.

Ta zo ta same ni a tashar. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida manya, sannan ta ce, "Bambo Kachingwe, tambaya ɗaya na zo yi. Ni takarar me na tsaya?"

Ta miƙe ta fita.

Ta daina zuwa karɓar magani, domin mutanen garin nan, mu ɗin nan, mun koma zama a gindin mangwaron da ke kallon asibitin kowace Alhamis don mu ga wa zai shiga. Ba ita kaɗai ta daina ba. Ba ta ga girbin shekarar ba. Da aka kawo sanarwar rasuwarta, hannuna aka miƙa wa, na karanta, ban tsallake kowa ba. Shi kuwa ɗan takarar ya ci zaɓensa, ya koma karɓar maganinsa a birni, har ƙiba ya yi. Kuma ina shaida wa lauya, babu kotun da ta kira mu. Ko takardar sammaci ba mu gani ba. Magana zarar bunu ce, jama'a, kuma ba a ɓari a kwashe duka.

Na huɗu, mutum talatin da ɗayan nan. Na karanta sunayen, ni kaɗai da shugaba. Akwai maciya amana a ciki, ba na musu. Amma akwai tsofaffi mata da ba su iya karatu ba, waɗanda nake da tabbacin an ce musu takardar rabon taki ce suka dangwala. Akwai mutum biyu da suka rasu tun bara, ban san yadda aka yi suka fito daga kabari suka dangwala ba. Wa ya tantance? Babu. Kuma kun san halinmu in rai ya ɓaci a kan ƙasa. Mu ne muka rataya wa mutum taya a mashigin ruwa saboda akuya, daga baya akuyar ta dawo gida da ƙafarta. In na gama karatu ƙarfe bakwai saura, kafin a sauke tuwon dare an cinna wa bukka ta farko wuta. Wa zai kashe? Laiton?

Wani zai ce a karanta a tsallake sunayen. Na duba wannan ma. Saƙonnin cike suke da kwatance, irin wance da ke bayan kaza, wane mai ciwon kaza. A garin da kowa ya san kukan jakin kowa, wannan suna ne.

Ba na ce mu yi shiru ba. Ina cewa mu yi aikinmu da ƙafafunmu, mu bar cin abincin ɓarawo. Turakun awo masu jan fenti suna nan a kafe a fadama, gani ya kori ji. Gobe da safe mu je da na'urar ɗaukar murya, masu lambuna su faɗi wa ya kafa su. Mu aika wa Bambo Chiphwanya gayyata ya zo ƙarfe shida ya zauna gaban makirufo, in tambaye shi a gaban kowa: ka yi wa kamfanin rake alkawarin fadamarmu ko ba ka yi ba? In ya zo, ku ji amsarsa ku auna. In ya ƙi, zan faɗa muku kujerarsa babu kowa, kuma zan maimaita kullum har Talata. Takardun kuma a miƙa wa lauya ta kai inda za a rantsar da mutane a tantance. Wannan hanya ta fi wuya, ba ta da daɗin ji kamar tonon asiri. Amma shi ɗan takara shi ya nemi a bincike shi, tsohuwar da ke bayan gari ba ta nema ba.

Saura abu ɗaya, shugaba, ki yi mini haƙuri da lokaci.

Bayan rasuwar Mayi Esnat, wannan taron ya kori manajan tashar na lokacin, Bambo Lufeyo Mandala, a kan shi ya ba da umarnin karanta shafin. Mata sun tofa masa yawu a kasuwa. Yau facin tayar keke yake yi a bakin tashar mota. Ga shi can a bencin baya, ya sunkuyar da kai. Ku ji abin da ya faɗa mini a ranar, minti biyu kafin a buɗe mini makirufo. Ya ce, "Efraim, layi na tara kawai. Ka ji? Na tara kawai." Na ce masa, "Manaja, ni ba na tsallake suna." Na shiga na rufe ƙofa.

Ni ne. Ba shi ba ne. Da kuka kira shi gabanku bai tona ni ba, daga baya ya ce mini tashar za ta rayu in babu shi, amma ba za ta rayu ba in babu muryata. Ni kuma na bar shi ya ɗauka, na ci gaba da karɓar gaisuwarku shekara biyar. Ina jin kunyar kaina, wallahi ina jin kunya. Lufeyo, ban cancanci yafiyarka ba, amma ina roƙo. 'Ya'yan Esnat, ga wanda ya kira sunan mahaifiyarku, kuma babu wanda ya sa shi.

Saboda haka hannu biyu za ku ɗaga yau. Na farko a kan takardun nan. In kun ce a karanta, haƙƙinku ne, tasharku ce, amma ku nemi wani bakin, nawa ba zai buɗe ba. Na biyu a kaina. In kun ga in bi hanyar da kuka nuna wa Lufeyo, ba zan ɗaukaka ƙara ba. Ina roƙonku dai ku fara da na farko, domin mutum talatin da ɗayan nan suna gida yanzu haka suna tankaɗen gari, ba su san ana zancensu ba.

Allah Ya jiƙan Mayi Esnat da waɗanda suka bi ta daga wancan shafi. Allah Ya tsare mana fadamarmu daga masu sayarwa, Ya tsare maƙwabtanmu daga hannunmu. Allah Ya ba iyayenmu sarakuna hikima, Ya sa a yi zaɓen Talata ba a zubar da jinin kowa ba. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya sa kowa ya tarar da gidan nasa a tsaye.

Na gode.