Muryar Umma a Waƙa ta Tara

Auta: Salamu alaikum, Yaya! Ya yara? Ya aikin asibiti?

Yaya: Lafiya lau. Ya gida, ya maƙogwaro?

Auta: Ya me?

Yaya: Maƙogwaro! Fito daga ɗakin waƙar nan, katifun da kika jingina a bango suna cinye magana.

Auta: Na fito. Kin saurari albam ɗin?

Yaya: Ni kaɗai? Duk abokan aikina sun saurara. Auta, ki yi wa Umma waƙoƙi tara, na yarda, kowa da yadda yake kukan uwarsa. Amma saƙon muryarta a ƙarshe fa? "Yayarki ba ta ɗaukar waya, sau uku ina kira." Duniya ta ji!

Auta: Shi ne saƙonta na ƙarshe, Yaya.

Yaya: Ni za ki gaya wa? Ina kan mara lafiya ranar, wayar tana aljihu. Shekara guda ina haɗiye abin nan, ke kuma kin sa masa kiɗa! Da kamfani ne sai in ce su suka yi. Ke kika rubuta, ke kika naɗa, ke kika saki. Ki cire shi yau.

Auta: Ai ba faɗa take yi ba. Ba ki ji sauran ba ne.

Yaya: Wane saura?

Auta: Inda ta ce, "Ƙyale ta, tana kan aikin lada. Allah ya yi mata albarka, ita ce ƙashin bayana."

Yaya: Ƙashin bayanta...

Auta: Yaya? Layin ne?

Yaya: Yana ina, wannan sauran?

Auta: Na yanke. Injin niƙan maƙwabta ya tashi daidai wurin, sautin bai fita da kyau ba.

Yaya: Innalillahi! Kin yanke albarkar, kin bar ƙorafin? Saboda injin niƙa?

Auta: Na ɗauka na taɓa tura miki...

Yaya: Kin ɗauka! Shekara guda, Auta! Kunna min shi yanzu, da injin da komai.

Auta: Yana cikin kwamfuta, bari in...

Yaya: Yi sauri, katina ya kusa ƙarewa.

Auta: To ni zan kira ki. Ki ɗauka fa, Yaya.

Yaya: Ja'ira! Zan ɗauka. Wallahi zan ɗau—