San Huɗa Mai Rawar Kai

Ranar Juma'a a kasuwar shanu ta Wudil, Malam Gwadabe, manomi daga Lajawa, yana neman san huɗa kafin damina. Ya tsaya gaban wani jan sa, dillalin kuwa yana can nesa.

"Wannan yana da firgita?"

"Firgita kuma? A'a, Baba. 'Yar rawar kai ce kawai."

"Na ga ya zabura da kaza ta gifta."

"Kazar ce ba ta yi sallama ba."

"Gonata a bakin titi take. In mota ta yi hon fa?"

"Sai ya gama maka huɗar da wuri."

"To, zo ka riƙe min shi in duba haƙoransa."

Dillalin ya ƙara ja da baya. "Baba, ni da shi ba ma magana tun ranar Talata."