Rubutun Kan Murfi

Ina zaune a bencin gareji ina jiran gyara, sai na ji wani dattijon direba yana magana da mai tasin da ke tsaye kusa da shi.

"Ɗana, ka ji ƙarar injin nan? Motar maigidana ce, sabuwa dal. Tsoro nake kada ta buga a hannuna."

"Baba, wane baƙin mai ka zuba mata?"

"Mai kauri, irin na tsohuwar motarmu. Wanda ta zo da shi na murza a yatsa, na ji shi tsararo kamar ruwa, na juye."

"Subhanallahi! Sabon inji hanyoyinsa matsattsu ne, kafin mai kauri ya kewaya, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ai ga lambar man nan a kan murfi, manya-manya."

Dattijon ya sunkuya, ya daɗe yana duba.

"Akwai rubutu a nan? Ni baƙi kawai nake gani."

"Baba, idonka fa? Wa kake ɗauka a motar nan?"

"Yaran maigida, zuwa makaranta." Ya ɗago kansa daga kan injin. "Don Allah, ɗana, mu tsaya a maganar mai."