Sunan da Inna Tambaya ba ta faɗa ba

Assalamu alaikum. Shugaban taro, mai girma Hakimi, Shugabar makaranta, malamaina, iyayenmu maza da mata, da 'yan'uwana ɗalibai na Tsafe, ina gaishe ku duka. Sunana Kulu, daga aji ɗaya. Ina godiya da littafin da aka ba ni yau, don an ce tarihin da na rubuta ya fi na kowa. Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata: sunan da na sa a saman takardar nan, Shu'aibu, ni na ƙirƙira shi.

Da farko, ga abin da na tabbatar. Malam Yusha'u ya ce kowa ya binciko kakan mahaifinsa ko kakan mahaifiyarsa. Nawa manomi ne a wani ƙauye kusa da 'Yankuzo. Zamanin Turawa aka yi diban gwamna, wato kwasar mutane dole zuwa haƙar kuza a Jos. An tafi da shi da damina, gero na kunnen kura, matarsa tana da ciki, bai dawo ba. Babu kabari, babu hoto, babu wasiƙa. Ɗan da aka haifa, baffansa ya riƙe shi, sunan baffan ya ɗauka. A gidanmu Na-Kuza kawai ake ce wa wanda ya tafi.

Na biyu, ga inda na nema. Ƙauyen ya watse saboda 'yan bindiga. Tsofaffin da suka san shi, wasu sun rasu a Gusau, wasu a Bungudu. Saura mutum ɗaya, matarsa, Inna Tambaya, wadda ta haura shekara casa'in. Na durƙusa na ce, "Inna, mene ne sunansa?" Ta ja mayafi ta ce, "Ke ɗiyar ga, ba ki da ta ido? Shekara tamanin ban kama sunanai ba, sai yau don takarda?" Na koma sau uku, sau uku tana korata. Ranar miƙa aiki ta zo, na rubuta Shu'aibu na miƙa.

Na uku, shi ne mai nauyin. Bayan kwana biyu ta kira ni ta ce, "Bakina ba ya faɗi, amma sandata na iya nuni. Akwai mai sunanai cikin masu wucewa masallaci. Taho ran Juma'a ki zauna kusa gare ni." Ban je ba. Kunya nake ji ta gane na riga na sa masa sunan wani. Na ce sai wata Juma'ar. Ranar Laraba aka yi mata sutura.

An ce bari ba shegiya ba ce, da ubanta. Turawa sun ɗauke mutumin, ni kuma na bar sunansa ya bi shi.

Jiya na goge Shu'aibu a takardata, na bar gurbin fari, haka kuma zai zauna. Littafin kyautar yana kan teburin Shugaba, a ba wanda ya cancanta.

Allah ya jiƙan Inna Tambaya, ya jiƙan mijinta, Shi da ya san sunansa. Allah ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.